Tunda an ba da sammaci, me ya hana a kamo shi? Fashin baƙi kan kotun ICC da shari'ar masu kisan gilla

Wai tunda kotun ICC, wato kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, ta ba da sammacin kama Putin tun watan Maris na 2023, ta kuma ba da na Netanyahu a watan Nuwamba na 2024, me ya sa ba wanda ya sa musu ankwa, suna hawa jirgi suna sauka, wani wurin ma har faretin ban girma ake musu? Tambayar kenan da ke dawowa duk lokacin da aka ambaci kotun nan, kuma mutane sun rabu gida biyu. Wasu da an ce sammaci ya fito sai murna, a ganinsu gobe da safe za a ga mutum a gaban alƙali. Wasu kuma sun riga sun yanke hukunci cewa kotun wasan kwaikwayo ce kawai, an kafa ta ne don a riƙa tsorata shugabannin Afirka. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu suna ɗora wa kotun abin da ba nata ba, don ba su san yadda aka gina ta ba da inda ƙarfinta ya tsaya.

Kotu biyu ne fa a gari ɗaya

Ruɗanin farko daga nan yake. A birnin Hague na ƙasar Holan akwai ICJ akwai kuma ICC, kuma a labarai dukkansu sai ka ji an ce "kotun duniya". ICJ ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce, alƙalanta 15, kuma ƙasa da ƙasa take yi wa shari'a, rikicin iyaka, saɓa yarjejeniya da makamantansu. Ba ta ɗaure mutum, ba ta da kurkuku. Can ne Gambiya ta kai ƙarar Myanmar a 2019 kan abin da aka yi wa 'yan Rohingya, can ne kuma Afirka ta Kudu ta kai ƙarar Isra'ila a watan Disamba na 2023. Umarnin da ta bayar ranar 26 ga Janairun 2024 ma na wucin gadi ne, ba hukuncin ƙarshe ba ne kan ko an yi kisan ƙare dangi ko ba a yi ba, irin wannan shari'ar shekaru take ci.

ICC kuwa mutum take tuhuma, da sunansa da na ubansa. Ba ta ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, yarjejeniya ce ta haife ta, wato Yarjejeniyar Roma da aka amince da ita ranar 17 ga Yulin 1998, ƙasashe 120 suka ce eh, 7 suka ce a'a, ta fara aiki 1 ga Yulin 2002. Alƙalanta 18. Ba ta yanke hukuncin kisa, iyakarta ɗaurin shekara 30, ko rai da rai in laifin ya kai intaha. Ba ta taɓa wanda bai kai shekara 18 ba lokacin da ya aikata laifin, kuma duk abin da ya faru kafin Yulin 2002 ba huruminta ba ne. Toh masu tambayar me ya sa ba ta binciki ta'asar zamanin mulkin mallaka ba, amsar kenan.

Ba yawan gawa ke sa a ce kisan ƙare dangi ba

Laifuka huɗu ne kacal a hannun kotun: kisan ƙare dangi, laifukan cin zarafin bil'adama, laifukan yaƙi, sai laifin afka wa wata ƙasa da yaƙi ba bisa ƙa'ida ba.

Laifukan yaƙi su ne suka fi sauƙin ganewa. Yaƙi ma yana da doka, akasarinta tana cikin yarjejeniyoyin Geneva guda huɗu na 1949 da ƙarin da aka yi musu a 1977: ba a kashe wanda ya ajiye makami, ba a azabtar da fursuna, ba a auna fararen hula da gangan, ba a harbin asibiti ko wurin ibada matuƙar ba a mayar da shi sansani ba, ba a sa yaron da bai kai 15 ba a fagen daga, ba a hana mutane abinci a mayar da yunwa makami. Amma ga wani abu mai ɗaci, ba kowane farar hula da ya mutu a yaƙi ba ne doka ke lissafa mutuwarsa laifi. In an auna sansanin soja wasu na kusa suka mutu, sai an duba ko ɓarnar ta wuce kima in aka kwatanta da abin da ake nema a soje, kuma a nan ne lauyoyi ke shafe watanni suna ja-in-ja.

Laifin cin zarafin bil'adama shi ba ya buƙatar yaƙi. Kisa, fyaɗe, azabtarwa, bautarwa, ɓatar da mutane, korar su daga garuruwansu, in aka yi su a matsayin wani farmaki mai faɗi ko tsararre a kan fararen hula, bisa manufar gwamnati ko wata ƙungiya. Da shi ake tuhumar Duterte, tsohon shugaban Filifin, kan kashe-kashen da aka yi da sunan yaƙi da ƙwaya.

Sai babban, wato kisan ƙare dangi, wanda kowa ke saurin kira. Yarjejeniyar 1948, wadda wani lauya Bayahude ɗan Poland mai suna Raphael Lemkin ya yi ta fafutuka a kanta bayan an hallaka danginsa da dama, ta ce sai an tabbatar da niyyar shafe wata al'umma, gaba ɗaya ko wani sashenta, saboda ƙasarsu ko ƙabilarsu ko launinsu ko addininsu. Rukuni huɗun nan kawai. 'Yan adawar siyasa ba sa ciki, an cire su tun wajen rubuta yarjejeniyar. Shi ya sa a Kambodiya, inda mutum sama da miliyan ɗaya da rabi suka mutu a hannun gwamnatin Khmer Rouge tsakanin 1975 da 1979, hukuncin kisan ƙare dangin da aka yanke a 2018 ya tsaya ne kan 'yan Biyetnam da Musulmin Cham, sauran ɗimbin mutanen an sa su ƙarƙashin cin zarafin bil'adama don 'yan uwansu Khmer ne suka kashe su kan siyasa. A garin Srebrenica na Bosniya kuwa maza da samari kusan 8,000 ne Sabiyawan Bosniya suka kashe a watan Yulin 1995, amma kotuna biyu suka ce kisan ƙare dangi ne, don niyyar ta fito fili. Kenan niyya ake nema, kuma niyya a zuci take, mai ita ba zai rubuto maka ba sai dai a tsamo ta daga jawabansa, da tsarin kisan, da wa aka ware wa aka bari.

Abin da ke damuna shi ne yadda mutane ke jin kamar in ba a kira abu kisan ƙare dangi ba to an raina waɗanda aka kashe. Ba haka ba ne. Kwamitin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura Darfur ya faɗa a rahotonsa na 2005 cewa bai ga manufar ƙare dangi daga gwamnati ba, amma laifukan da ya gani ba su gaza shi muni ba. Hukuncin ma duk ɗaya ne, ana iya samun rai da rai a kowanne.

Na huɗun kuwa, wato afka wa wata ƙasa da yaƙi, kusan ado ne. An fayyace shi a taron Kampala a 2010, ya fara aiki a 2018, amma an ɗaure shi da sharuɗɗan da suka sa ba zai hau kan ƙasar da ba mamba ba sai da yardar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Shi ya sa sammacin Putin ba kan mamaye Yukren ba ne, kan kwashe yara ne daga yankunan da aka mamaye zuwa Rasha.

A gurguje, daga ina abun ya faro

Nuremberg ta Jamus, 1945 zuwa 1946, bayan yaƙin duniya na biyu. Manyan 'yan Nazi 22 aka yi wa shari'a, 12 aka yanke wa kisa, 3 aka wanke. Abubuwa biyu suka fito daga can da har yau ake tafiya a kansu: mutum ba zai fake da cewa "gwamnati ce ta yi" ba, kuma "umarni aka ba ni" ba ya wanke shi. Amma tabon da ke bin fannin nan ma can ya samo asali, waɗanda suka ci yaƙi su ne alƙalai, ba wanda ya tambayi Amurka batun Hiroshima, kuma alƙalan Tarayyar Sobiyet na zaune a kan kujera alhali ƙasarsu ma da jini a hannunta. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi tun ranar farko.

Daga nan yaƙin cacar baka ya daskarar da komai kusan shekara hamsin, sai 1993 Kwamitin Sulhu ya kafa kotun tsohuwar Yugoslabiya, 1994 kuma ta Ruwanda da ta zauna a Arusha. Ta Yugoslabiya ta tuhumi mutum 161, shugabannin Sabiyawan Bosniya Karadzic da Mladic suka ƙare da ɗaurin rai da rai, Milosevic tsohon shugaban Yugoslabiya kuma ya mutu a tsare a 2006 ba a kai ga hukunci ba. Ta Ruwanda ce ta fara kama mutum da laifin kisan ƙare dangi a wata kotun ƙasa da ƙasa, wani magajin gari Jean-Paul Akayesu a 1998, kuma a shari'ar ne aka fara cewa fyaɗe ma na iya zama hanyar ƙare dangi. Ta kuma ɗaure masu gidan rediyon RTLM da suka riƙa tunzura jama'a, ba su riƙe adda ba amma bakinsu ya yi kisa. Masu yaɗa ƙiyayya a soshiyal midiya ya kamata su san wannan shari'ar.

Ta wace ƙofa magana ke shiga kotun

Uku ne. Ƙasa mamba ta kai, ko mai gabatar da ƙara ya buɗe bincike da kansa da izinin alƙalai, ko Kwamitin Sulhu ya miƙa. A biyun farko dole laifin ya faru a cikin ƙasa mamba, ko kuma wanda ake zargi ɗan ƙasa mamba ne, ko ƙasar ta rubuto ta amince da hurumin kotun. Nan ne amsar masu cewa "ai Isra'ila da Rasha ba mambobi ba ne". Gaskiya ne ba mambobi ba ne, haka Amurka da China da Indiya. Amma Falasɗinu ta shiga a 2015, Yukren kuma ta amince da hurumin kotun tun kafin ta zama cikakkiyar mamba a farkon 2025, don haka abin da ya faru a ƙasarsu kotun na ganin tana da ta cewa ko ɗan ina ne ya aikata. Amurka da Isra'ila ba su yarda da wannan fassarar ba, musamman kan ko Falasɗinu ƙasa ce.

Ƙofa ta uku sau biyu kawai aka taɓa buɗe ta, Darfur a 2005 da Libiya a 2011. Da aka zo kan Siriya a 2014 Rasha da China suka hau kujerar na-ƙi, magana ta mutu. Duba abun mamaki, uku daga cikin ƙasashe biyar masu kujerar na-ƙi ba su cikin kotun, amma suna da ikon tura wasu can, su kuma kare kansu da abokansu.

Sannan kotun ba ita ce ta farko ba, ita ce ta ƙarshe. In ƙasa na binciken mutum da gaske a kotunanta, ICC ba ta da hurumin karɓe shari'ar, sai in ƙasar ta ƙi ko ta kasa, ko kuma shari'ar ta rufa-rufa ce don a kare shi.

Ko ɗan sanda ɗaya ba ta da shi

Toh ga amsar tambayarmu. Sammacin ICC takarda ce da ke jiran wata gwamnati ta aiwatar. Ƙasashe mambobi, su fiye da 120, sun ɗauki alkawarin kamawa, amma in suka yi kunnen uwar shegu abin da kotun za ta iya shi ne ta rubuta cewa sun saɓa, ta kai ƙararsu taron mambobi, shikenan. Kuma ba ta yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa, dole sai yana zaune a kotu.

Omar al-Bashir shi ne zakaran gwajin dafi. Sammaci a 2009, wani a 2010 da ya haɗa da kisan ƙare dangi, amma ya ci gaba da yawonsa. A watan Yunin 2015 ya je taron Tarayyar Afirka a Johannesburg, wata kotun Afirka ta Kudu ta ce kar a bar shi ya fita, kafin a gama sauraron maganar jirginsa ya tashi. Putin ya je Mongoliya a Satumban 2024, Netanyahu ya je Hangari a Afrilun 2025, dukkansu mambobi a lokacin, ba abin da ya faru. Hujjar da ƙasashe ke kawowa ita ce shugaba mai ci yana da rigar kariya a dokar ƙasa da ƙasa. Yarjejeniyar Roma ta ce muƙami ba ya kare kowa, kuma a 2019 alƙalan ɗaukaka ƙara sun nanata haka a shari'ar Jodan da ta ƙi kama al-Bashir, amma har yanzu akwai manyan malaman shari'a da ke jayayya kan ko hakan ya hau kan shugaban ƙasar da ba ta sa hannu ba.

In ka bi waɗanda suka shiga hannu za ka ga abu ɗaya, siyasar gida ce ta juya musu baya. Milosevic sai da ya faɗi daga mulki aka miƙa shi ga kotun Yugoslabiya a 2001. Gbagbo na Kodebuwa sai da aka fito da shi daga fadarsa a 2011. Duterte, duk da ya fitar da Filifin daga kotun a 2019, 'yan sandan ƙasarsa ne suka kama shi a Manila ranar 11 ga Maris 2025, bayan gidansa da gidan shugaba Marcos da ya gaje shi sun raba gari. Fita daga kotun ba ta goge abin da ya faru lokacin da ƙasa ke ciki. Kuma laifukan nan ba sa tsufa, Félicien Kabuga da ake zargi da ɗaukar nauyin kisan Ruwanda sai 2020 aka cafke shi kusa da Paris, sai dai tsufa da ciwon mantuwa sun riga kotu, a 2023 aka ce ba zai iya fuskantar shari'a ba.

Inda shari'o'in ke mutuwa

Wannan ne ɓangaren da ba a cika magana a kai ba, kuma a ganina shi ne zuciyar fannin. Tabbatar da cewa an kashe mutane ba shi ne mai wuya ba, ga kaburbura, ga waɗanda suka tsira. Mai wuyar shi ne jawo igiya daga yaron da ya ɗana kunamar bindiga a ƙauye har zuwa mutumin da ke zaune a ofis a babban birni, wanda bai taɓa taka ƙauyen ba, bai kuma rubuta oda ba. Doka ta ce kwamanda na da laifi in ya sani ko ya kamata ya san yaransa na ta'asa, yana da ikon hana su ko hukunta su, bai yi ba. Faɗa da baki sauƙi, amma kowace gaɓa sai an kawo hujjar da ta kore shakka.

Dubi Jean-Pierre Bemba, madugun 'yan tawaye na Kongo. Mayaƙansa sun yi kisa da fyaɗe a Afirka ta Tsakiya a 2002 zuwa 2003, ba wanda ya musa. A 2016 aka ɗaure shi shekara 18, a 2018 alƙalan ɗaukaka ƙara uku cikin biyar suka wanke shi, daga cikin dalilansu har da cewa ba a yi la'akari yadda ya kamata da wuyar juya dakaru daga wata ƙasa ba. Ya yi kusan shekara goma a tsare, ya koma gida, a 2023 ya zama ministan tsaro. Gbagbo ma a 2019 alƙalai suka ce hujjar mai gabatar da ƙara ba ta kai a ce ma ya kare kansa ba, alhali mutum kusan 3,000 sun mutu a rikicin Kodebuwa. A Kenya, mutum sama da 1,000 suka mutu bayan zaɓen 2007, aka tuhumi mutum shida, ba ko ɗaya da aka ɗaure. An janye tuhumar Uhuru Kenyatta a 2014, ta William Ruto ta ruguje a 2016, mai gabatar da ƙara ta koka cewa an tsorata shaidu an saye wasu, gwamnati kuma ta ƙi ba da takardu. Ka ga matsalar, kana neman hujja a kan mutum, kuma shi ke riƙe da makullin ofishin da hujjar take.

Akasin haka kuma, duk inda aka yi nasara za ka tarar da takarda ko wani abu da ba ya canza baki. 'Yan Nazi da rubuce-rubucensu aka kama su. A Srebrenica an tono gawarwaki da katafila an sake binne su a wasu ramuka don ɓoye sawu, amma hotunan sama suka nuna inda aka taɓa ƙasa, gwajin DNA kuma ya gano kusan mutum 7,000 ɗaya bayan ɗaya, ga kuma maganganun kwamandoji da aka naɗa a oba-oba. A Siriya wani mai ɗaukar hoto na soja ya fice da dubban hotunan gawarwakin fursunoni. Azzalumar gwamnati tana son rubutu, don na ƙasa yana so ya nuna wa na sama ya yi aiki.

Wankewar nan tana da zafi ga waɗanda aka zalunta, ba musu. Amma kotun da duk wanda ya shiga sai an ɗaure shi ba kotu ba ce.

Wai kotun 'yan Afirka ce?

Masu wannan zargin suna da abin riƙewa. Zuwa ƙarshen 2025 duk wanda kotun ta ɗaure kan manyan laifukan nan ɗan Afirka ne: Lubanga da Katanga da Ntaganda na Kongo, Ongwen na Yuganda, al-Mahdi da al-Hassan na Mali, wasu biyu daga Afirka ta Tsakiya, sai Ali Kushayb na Darfur. A 2020 an rufe binciken farko kan sojojin Birtaniya a Iraƙi duk da an ce akwai dalilin gaskata an ci zarafin fursunoni. A Afganistan kuma, a 2021 mai gabatar da ƙara Karim Khan ya ce zai mayar da hankali kan Taliban da IS, batun sojojin Amurka da CIA ya koma baya. Burundi ta fice a 2017, Mali da Burkina Faso da Nijar suka sanar da ficewa a Satumban 2025 suna kiran kotun makamin 'yan mulkin mallaka.

Ɗaya ɓangaren ma ba a banza yake magana ba. Senegal ce ƙasa ta farko a duniya da ta tabbatar da yarjejeniyar, a 1999. Yuganda da Kongo da Afirka ta Tsakiya da Mali, gwamnatocinsu ne da kansu suka gayyato kotun. Fatou Bensouda 'yar Gambiya ta riƙe ofishin mai gabatar da ƙara daga 2012 zuwa 2021. Kuma da kotun ta ɗaga kai ta kalli shafaffu da mai an ga abin da ya biyo baya, Amurka ta ƙaƙaba wa Bensouda takunkumi a 2020, a 2025 ta sa wa Khan da wasu alƙalai, Rasha kuma ta ba da nata sammacin a kan jami'an kotun.

Ni nawa ganin, an karkatar da tambayar. Sake duba sunayen can, babu shugaban ƙasa ko ɗaya, kusan duk madugan 'yan tawaye ne da na 'yan bindiga. Gwamnati ta kira kotu ta miƙa mata abokin gabarta, sojojinta kuma ba a taɓa su. Kenan wariyar ba ta launin fata kaɗai ba ce, ta mai ƙarfi da mara ƙarfi ce, a Afirka da wajenta. Kuma maganin da Tarayyar Afirka ta kawo a yarjejeniyar Malabo ta 2014, wato kotun nahiya, an rubuta a ciki ƙarara cewa ba za ta taɓa shugaba mai ci ba. Toh wa aka kare kenan, talakan Darfur ko mai fada?

Ba Hague kaɗai ba ce hanya

Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya, kotun musamman ta Saliyo ce ta ɗaure shi shekara 50 a 2012. Ruwanda ta saurari ƙararraki kusan miliyan biyu a kotunan gargajiya na gacaca, da duk kura-kuransu, alhali kotun Arusha mutum 93 ta tuhuma. Akwai kuma ƙa'idar da ta ba kotun kowace ƙasa damar hukunta irin waɗannan laifuka ko a ina aka yi su, ita ta sa aka tsare Pinochet, tsohon shugaban Chili, a Landan a 1998, ita ta sa wata kotu a Jamus ta ɗaure wani kanar na leƙen asirin Siriya rai da rai a 2022.

Amma wadda ta fi burge ni ita ce ta Hissène Habré, tsohon shugaban Chadi. Ya faɗi a 1990 ya gudu Dakar, wani kwamitin bincike a ƙasarsa ya ƙiyasta an kashe mutum 40,000 a mulkinsa. Waɗanda suka fito da rai daga kurkukunsa, irin su Souleymane Guengueng, suka riƙa bi gida-gida suna rubuta sunaye da labarai suna ɓoyewa. A 2001 aka ci karo da tulin takardun 'yan sandan sirrinsa a zube a tsohon ofishinsu, ciki har da rahotannin da ake aika masa kai tsaye. Igiyar nan da na ce tana da wuya, ga ta. Suka kai ƙara Senegal aka yi watsi da ita, suka tafi Beljiyam, maganar ta je har ICJ, sai 30 ga Mayun 2016 wata kotu ta musamman da Senegal da Tarayyar Afirka suka kafa ta yanke masa rai da rai. Shekara ashirin da biyar da ɗoriya. Ya mutu a 2021 yana fursuna.

Talaka fa, me ya samu?

Kuɗi dai kaɗan ne. A shari'ar Katanga dala 250 aka yanka wa kowane ɗaya daga mutum 297, ban da tallafin gidaje da sana'a. A ta Ongwen an yanke sama da Yuro miliyan 52 ga mutum kusan 50,000, amma shi ba shi da ko sisi, asusun da zai biya kuma da gudummawar ganin dama yake rayuwa. Wani lokacin ma sammaci kan jawo wa talaka wahala kafin ya ga amfaninsa, da aka ba da na al-Bashir a 2009 gwamnatinsa ta kori ƙungiyoyin agaji 13 na ƙasashen waje, 'yan gudun hijira ne suka ji a jikinsu. A tattaunawar sulhun Juba ma sammacin Joseph Kony, madugun 'yan tawayen Yuganda, na cikin abubuwan da aka yi ta taƙaddama a kai, ƙarshe bai sa hannu ba. Ko tsoron kotu na hana kisa? Masana na ta muhawara, ni dai ba zan rantse ba. Abin da ya tabbata shi ne hukunci na kafa tarihin da ke da wuyar ƙaryatawa, kuma duniyar wanda ake nema tana ƙuntata, Putin bai je taron BRICS a Afirka ta Kudu a 2023 ba, ta bidiyo ya yi jawabi.

Mai sha'awar karanta fannin kuma ya sani ba haddace sassan Yarjejeniyar Roma ba ne aikin. Sai ka ƙware a dokar laifuka ta gida tukuna, da dokar shaida, sannan dokokin yaƙi, kuma Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki a kotun, Larabci ma na da kasuwa. Kujerun Hague kaɗan ne, yawancin aikin yana kotunan ƙasashe da kwamitocin bincike, kuma ba na lauyoyi kaɗai ba ne, akwai masu tono kaburbura, likitoci, tafintoci, masu nazarin tsarin soja, da masu tantance bidiyo. Na ƙarshen nan sabon fage ne, a 2017 kotun ta ba da sammacin wani kwamandan Libiya, Mahmud al-Werfalli, kuma bidiyoyin kisan da aka ɗora a soshiyal midiya na cikin manyan hujjojinta. Sai dai bidiyon da ya zaga waya ɗari, aka yanke shi aka ɗora masa waƙa da rubutu, da wuya ya tsaya a gaban lauyan mai kare kai. Wanda ke da amfani shi ne na asali da ba a taɓa ba, wanda aka san ranar da aka ɗauke shi da wurin, da wanda ya ɗauka, da hannun da ya bi kafin ya iso, in kuma ya nuna lambar mota ko tambarin kaki ko fuskar mai ba da oda, ya fi wanda ya nuna gawa kawai daraja a wurin mai bincike.